Ɓarin Goro Tsakanin Akébé da Guangzhou

Ranar Lahadi ce, a farkon watan Zulƙida, da misalin ƙarfe biyar na yamma. Mu huɗu ne a tsakar wani gida da ke unguwar Akébé a Libreville: tsohuwar da ke da gidan, wadda kowa ke kira Inna, autanta mai shagon kayan wayar hannu, matarsa da ke tsince shinkafa a bakin madafi, sai ni, da nake haya a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Damina na shirin ɗaukewa. Sama a rufe take da farin gajimare, babu rana babu ruwa.

Abin da ya tara mu shi ne tafiyar autan. Ranar Laraba zai tashi zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin don saro kaya, karo na farko. Biza ta fito, tikiti yana hannu, amma Inna ba ta sa wa tafiyar albarka ba. Shi kuwa ya riga ya gaya wa matarsa cewa muddin uwarsa ba ta ce Allah ya kiyaye hanya ba, ƙafarsa ba za ta taka filin jirgi ba.

Ni an kira ni ne saboda kafin in zo Gabon na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo. Inna ta ɗauka cewa mutumin rediyo ba ya ƙara wa magana gishiri.

Ta ce, "Malam, wannan garin da yaron nan ke son zuwa, nisansa nawa ne?"

Na duba waya, na ce daga Libreville zuwa can, a miƙe ta sama, kilomita dubu goma sha ɗaya ne da ɗoriya. Ta ce ita ba ta taɓa taka kilomita ba, in faɗa mata da Kano. Na sake dubawa, na ce kamar mutum ya yi nisan Kano sau tara ne, ko ƙasa da haka kaɗan.

Ta shiga lissafi tana taɓa gaɓoɓin yatsunta. Inna ta zo ƙasar nan da ƙuruciyarta, tare da mijinta, tana goye da ɗansu na fari. Daga Kano suka shiga babbar mota zuwa Kalaba, suka zauna jiran jirgin ruwa, daga bisani suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Port Môle, nan Libreville, da kayansu a ka. Tafiyar ta ci musu kusan mako uku. Tun daga nan ba ta sake fita daga Gabon ba. Da wannan mudu take auna kowace hanya. Da ta gama da yatsun sai ta ce wata shida ke nan da 'yan kai.

Na yi sauri na ce ba haka ba ne. Jirgi zai yi wajen awa biyar zuwa Addis Ababa, a jira a can, sannan wani jirgin ya yi wajen awa goma. In ya tashi Laraba bayan azahar, Alhamis da hantsi, a agogonmu, ya sauka.

Ta dube ni yadda ake duban yaron da aka yaudara a kasuwa. Ta ce mijinta ma, da zai yi tafiyarsa ta ƙarshe, kwana arba'in ya ce mata. Autan ya sa baki, ya ce ai kullum tana magana da Kano ta waya, kuma alhazai a yini guda suke isa Makka. Ta ce murya ba ta da nauyi, mutum kuwa nama ne da ƙashi da kaya. Makka kuma kira ne, shi ya sa ake naɗe wa alhazai hanya; wane ne ya kira shi a birnin Sin? Matarsa ta sunkuyar da kai cikin farantin shinkafa tana ƙumshe dariya.

Daga nan Inna ta aiki surukarta ɗaki, ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara. Da ta buɗe ta juye a tabarma, sai ga ɓarin goro guda biyar, baƙaƙe, sun bushe sun yamutse kamar tsakuwa. Na shekara uku a gidan, ban taɓa ganin su ba.

Ban sani ba ko al'adar garinsu ce, ko ta gidansu kawai. Ta ce daga mahaifiyarta ta gada. Duk wanda zai yi doguwar tafiya, sai ta ɓare goro ɗaya, ta ba shi ɓari, ta ɗaure ɓari a bakin zane. Ba za ta ci nata ba sai labari ya zo cewa ya sauka lafiya. Ta nuna mana su ɗaya-ɗaya. Wannan na babban ɗanta ne da ya koma Kano. Wannan na 'yarta ce da aure ya kai Maraɗi. Biyu na ƙannenta ne. Duk sun isa lafiya, amma kafin saƙo ya biyo bakin wani fasinja ya iso Akébé, goron ya zama abin da haƙori ba zai iya ba. Na biyar ɗin ba ta ɗaga shi ba, da ɗan yatsa ta taɓa shi. Na mijinta ne. Ya tafi fatauci cikin Kwango ta kogi, sai da damina ta zagayo wani ɗan kasuwa ya zo da labarin zazzaɓi ya ɗauke shi a hanya. Tun da waya ta shiga hannun kowa ba ta sake ɓare goro ba, don ba wanda ya rage mata da zai tafi sai autan, shi kuwa bai taɓa wuce Port-Gentil, nan cikin Gabon, ba.

Ta ce, "Ban taɓa cin rabona ba, Malam. Ba tafiyarsa nake ji ba, jiran nake ji. Jikin nan ba shi da wata shida."

 Ta mayar da goron cikin gwangwani, ta tashi ta yi alwala.

Washegari da safe ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Aikawa ta yi kasuwa a sayo nama, da gyaɗa, da barkono. Duk wanda ya san ta ya gane ta amince, amma bisa nata lissafin. Kwana biyu turmi bai huta ba a gidan. Matan maƙwabta, 'yan Kano da 'yan Damagaram, suka zo taya ta. Aka yi dambun nama, aka soya ƙuli-ƙuli, aka daka yaji, aka yi dakuwa da garin kunu. Aka ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don ta ji an ce mutanen can ba su san miya ba. Maƙwabcinmu mai walda, ɗan kudancin Najeriya, ya leƙo ta katanga yana tambaya ko aure ake yi ba a gayyace shi ba. Zuwa yammacin Talata buhu ya cika har sai da aka ɗinke bakinsa da igiya.

Autan ya same ni a ɗakina da fuskar wanda ya haɗiyi ƙaya. Ya ce nauyin da aka ba shi a jirgi ba zai ɗauki ko rabin buhun ba, kuma an gaya masa a can ba a shiga da nama ko ɗanyen abu. Amma ya za a yi ya kalli Inna ya ce ba ya so? Matarsa ta biyo shi tana cewa ya haƙura da kayan waya, ya buɗe shagon ƙuli-ƙuli a Guangzhou, wataƙila ma ya fi samun ciniki. Ya ce mata in ba ta da shawara ta koma madafi. A ƙarshe muka tsayar cewa za a sa buhun a taksi a gaban Inna, mu sauke shi a ofishin da nake aikin fassarar takardu a unguwar Plaine Orety.

Laraba da hantsi ya fito da jakarsa. Inna tana zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Ya durƙusa a gabanta. Ta kwance ganye ta zaɓi farin goro ɗaya, babba, ta sa farcen babban yatsa ta ɓare shi, ya rabu biyu da ɗan ƙara. Ta miƙa masa ɓari, ya sa a aljihun gaba. Ta ɗaure nata a bakin zane, ta ɗora hannu a kansa ta yi addu'a a hankali, har ta kai ga Allah ya kiyaye hanya. Ta ce in ya yi zango kada ya ci goron, zango ba sauka ba ne. Ba ta raka shi ko bakin ƙofa ba.

Muka sauke buhun inda muka shirya, muka wuce filin jirgi. Filin jirgin Libreville a bakin teku yake. Bayan ya shige na tsaya a waje har bayan azahar, na ga jirgin ya ɗaga, ya karkata, gajimare ya haɗiye shi. Na tari taksi na kamo hanyar gida.

Akwai manhajar waya da ke nuna inda kowane jirgi yake a taswira. Na buɗe ta a cikin taksin. Mun maƙale a cunkoso, direba yana ta faɗa da wani mai babbar mota da Faransanci, masu talla suna zagaye mu da ruwan leda. Kafin mu kuɓuta daga wannan mahaɗar hanya guda, ɗan jirgin da ke taswirar ya ƙetare ƙasar Gabon gaba ɗaya. Na duba sau biyu don in tabbata ba wayar ce ta rikice ba. Ni ban kai Akébé ba, shi ya bar ƙasar.

Na tarar da Inna inda muka bar ta. Na zauna gefen tabarmar na nuna mata. Ta ce wannan ɗan ƙwaron shi ne jirgin? Na ce shi ne, kuma autanta yana ciki. Ta ce ai ba ya motsi. Na ce ta ɗora farce a hancinsa ta jira. Ta ɗora. Jim kaɗan ya fito daga ƙarƙashin farcen. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

Ta tambaya wannan koren da yake bi ta kai ina ne. Na ce dazuzzukan Kwango ne. Na nuna mata wani siririn shuɗin layi, na ce kogi ne, ban san ko shi ne wanda ake bi da kwalekwalen fatauci a wancan zamani ba. Ta daɗe tana kallon layin. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, ta tashi da ƙyar ta yi alwala ta yi salla. Da ta sallame ta ce in sake nuna mata. Kogin ya koma baya, har sai da na matsa taswirar kafin ya fito.

Ta ce, "Har ya wuce wurin?"

Na ce ya wuce. Ta kai hannu ta taɓa ƙullin da ke bakin zaninta.

Na yi shekaru ina karanta irin waɗannan alƙaluma a gaban makirfo: shugaba kaza ya tashi daga birni kaza, ya sauka a birni kaza. Ina faɗin su daidai, ina numfasawa inda ya kamata, in wuce labari na gaba. Ban taɓa tsayawa na ga abin da suke nufi ba sai a wannan tabarma. Dajin da ya riƙe wani mutum har ya cinye shi, ɗansa ya bi ta samansa yana zaune a kujera, tsakanin alwala da sallamewa.

Bayan magariba saƙo ya shigo wayar matar autan cewa sun sauka Addis Ababa, suna jiran jirgi na biyu. Ta zo da murna ta gaya wa Inna. Inna ta ce ta ji, amma wannan zango ne, kuma mutane da yawa sun kai zango. Ta ci tuwo kaɗan ta shiga ɗaki.

Da asuba na fito alwala na same ta zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Ta ce in duba ƙwaron. Na duba. Cikin daren nan ya ƙetare teku, ya bi ta saman Indiya har ya bar ta a baya. Na ce mata inda yake yanzu rana ta riga ta yi sama sosai, mu kuwa ko gari bai waye ba. Ta ce ya za a yi rana ɗaya ta fito masa ta ƙi fito mana?

Na ɗauko lemo daga faranti, na kunna fitilar waya. Na nuna mata inda muke, can cikin inuwa, da inda yake, a ɓangaren da haske ya kama. Na ce gabas ya nufa, rana kuma daga gabas take zuwa, don haka taryen ta ya je yi. Darensa ya gajarta. Tsakanin agogonmu da na garin da zai sauka akwai awa bakwai, su ne a gaba.

Ta ce to waɗannan awa bakwai da aka yanke masa a dare, ina suka shiga? Na ce in zai dawo za a mayar masa da su, yininsa ya yi tsawo. Ta ce to a gaya masa ya tabbata ya karɓo. Surukarta da ke hura gawayi ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, amma ina riƙe da lemon na ji tambayar ta fi ƙarfin amsar da na bayar.

Gari ya waye. Mai walda ya kunna injinsa, mata suka fara wucewa da bokitan ruwa, autan bai kira ba. Ƙwaron ya isa bakin wani gari a taswira, ya yi ɗan zagaye, ya ɓace. Na ce wa Inna ɓacewar nan sauka ce. Ta ce ita ɓacewa ta gani. Ta ƙi karin kumallo. Ta koma ƙarƙashin mangwaro ta sa gwangwanin madarar kusa da ƙafarta, abin da ban so gani ba. Matar autan ta ajiye waya a kan kujera, tana shara da ido a kanta. Na yi ƙoƙarin bayanin cewa sauka daga babban jirgi da bin layin fasfo suna ɗaukar lokaci. Ba wanda ya saurare ni.

Ƙarfe tara ta ɗan gota lokacin da wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Matarsa ta amsa, ta durƙusa ta riƙe wa Inna wayar a gaban fuska. Ga shi nan, idanunsa sun yi ja, hularsa ta karkace. Bayansa wani babban zaure ne na gilashi, mutane suna wucewa da sauri, hasken yamma yana shigowa ta gefe.

Ya ce, "Inna, na sauka."

Ta kalle shi, ta kalle ni, ta koma kansa. Ta tambaye shi wane lokaci ne a wurinsu. Ya ce la'asar ta yi. Ta ɗaga kai ta dubi samanmu, inda rana ba ta ko kai saman rufin mai walda ba.

Ta ce, "Nuna mini goron."

Ya laluba aljihu ya fito da shi, ya matso da shi jikin wayar. Fari ne har yanzu, gefensa kawai ya ɗan yi ja. Inna ta kama bakin zaninta. Ƙullin ya ƙi kwancewa, amma da surukarta ta kai hannu sai ta ture shi. Ta kwance da kanta. Nata ma haka yake, fari, gefe ya ɗan yi ja. Ta ɗaga shi kusa da gilashin wayar, ɓari biyu na goro ɗaya, ɗaya a Akébé ɗaya a Guangzhou, har inda farcenta ya shiga jiya yana nan a jikin kowanne.

Autan ya ce a gaba akwai masu binciken kaya, ba za su bar shi ya wuce da ɗanyen abu ba, in za a ci sai yanzu. Ta ce bisimilla. Ya gatsa, muka ji ƙarar ta cikin waya. Ita ma ta kai nata gefen bakin da ke da sauran haƙora, ta gatsa. Ta tauna a hankali, ido a rufe.

Ta ce, "Da ruwansa."

 Hawaye ya bi ta kuncinta, ba ta share ba, ta ci gaba da tauna har ta cinye. Injin walda yana ta ƙara a maƙwabta. Daga baya ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce an ba su har sau uku a sama. Ta ce a sama aka dafa? Ya ce zai yi mata bayani in ya dawo. Ta ce ya yi salla kafin ya shiga gari, kuma ya riƙe jakarsa da kyau.

Da kiran ya yanke ta miƙa wa surukarta gwangwanin ta ce a mayar ɗaki. Ta nemi kunu, aka kawo, ta sha. Sannan ta juyo gare ni ta ce in je in ɗauko buhun daga inda muka ɓoye shi, kada ɓera ya riga mu. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce ita ta haifi yaron, tun yana rarrafe ta san fuskarsa in ya ɓoye abu.

Da yamma na ɗauko buhun daga Plaine Orety. Inna ta raba shi gida-gida, har mai walda ya samu dambun nama. Autan ya dawo bayan mako biyu da kayansa. Ƙuli-ƙulin bai ƙare a gidanmu ba sai bayan babbar salla, kuma goron da ke cikin gwangwanin har yau guda biyar ne.